Kawu Mai Kati da Tsagar Ɗakin Inna

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, in ya shiga gidanka bango yake fara dubawa kafin ya dubi fuskarka. Kana miƙa masa hannu, idonsa na can saman ƙofa. In kuwa ya hango tsaga, to gaisuwa ta tsaya ke nan. Zai laluba aljihun gaba ya zaro katinsa, ya hure shi, ya goge a hannun riga, ya manna a bangon mutane ko izini bai nema ba. Haka ya yi a ɗakin surukata ranar da ya fara zuwa gaishe ta, ni kuwa ina gefe ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ya sa duk unguwa Mai Kati ake ce masa.

Katin wani ɗan fallen roba ne garau, kana ganin abin da ke bayansa kamar gilashi, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. An jera baƙaƙen layuka a jikinsa, na farko siriri kamar silin gashi, na gaba ya ɗan ɗara shi, haka har zuwa na ƙarshe mai kaurin tsinken ashana, kowanne da lambarsa. Ana ɗora shi a kan tsagar kankare, a riƙa zamar da shi a hankali har a sami layin da ya rufe tsagar cif. Lambar layin nan ita ce faɗin tsagar. Iyakar aikin ke nan, kuma da shi Kawu ya ci abinci har ya yi furfura.

Da ɗaukar tsani ya fara, a wani kamfani mai duba lafiyar gine-gine, irin su gada da tankin ruwa da benaye. Injiniyan da yake bi tsoho ne mai ciwon gwiwa, hawa tsani ya fara gagarar sa. Wata rana sai ya miƙa wa Kawu katin, ya ce ya hau ya karanto masa. Ƙa'ida ɗaya ya dasa masa a kai: ka ja ɗan layi da fensir ka gitta tsagar, kullum a kan wannan alamar za ka auna, kuma da safe kafin rana ta dafa bango, don kankare yana kumbura in ya ji zafi. In ka auna nan yau, gobe ka auna can, ba ka san ko tsagar ce ta ƙaru ko kai ne ka matsa ba. Kawu ya riƙe wannan magana kamar da ita aka haife shi. Da ya yi ritaya suka bar masa katin, ya koma auna na maƙwabta kyauta, ko sun so ko ba su so ba.

Matarsa ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, don haka Inna nake ce mata. Allah bai ba su haihuwa ba, ni ce 'yarsu. Kawu kuwa Uwata yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Inna mace ce mai baki, a wurinta na gaji nawa. In ta ga ya tsaya yana ƙura wa bango ido sai ta miƙe ƙafa ta ce, "Malam, ga faso a diddigena, zo ka auna, ko ni ma rushewa zan yi." Wallahi sai ya durƙusa ya ɗora katin, ya gaya mata lambar, fuskarsa ba wasa. Ta yi ta dariya har da hawaye.

Wannan bakin ne ciwo ya ɗauke. Wata safiya tana shanya ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya mutu. Abin da ya rage mata shi ne ido, da wuyan da take iya juyawa kaɗan, da wani gurnani daga maƙogwaro wanda ba ka san ko ruwa take so ko juyi ba. Kawu ya zama mai jinya. Shi ke mata wanka, shi ke ba ta abinci da cokali. Ni kuma in na sallami masu ɗinki na rufe keke, sai in taho in karɓe shi ya ɗan miƙe baya.

Ɗakinsu a ƙasa yake, a kusurwar wani bene mai hawa uku. Gado na jikin bangon taga. A ɗaya gefen akwai doguwar kwaba, an jibga tsofaffin akwatuna a kanta har sun kusa taɓa rufin kankare. Tsagar kuwa a saman gadon take, ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, daidai kan Inna. Tun Inna tana da lafiya Kawu ya yi wa tsagar alamar fensir. Ya kuma zaɓi layi ɗaya a katin, ya ɗiga masa jan biro, ya ce wannan shi ne layin tashi. Ranar da tsagar ta cika shi, ranar za su bar ɗakin.

Ni dai hankalina bai taɓa kwanciya ba. Mace kwance ba ta iya ko mirginawa, ga bene a kanta, ga bango yana buɗe baki. Na share ɗaki guda a gidana, mijina ma ya sa baki.

"Kawu, don Allah ku dawo wurina. Me ake jira? Sai ya faɗo mata?"

"Uwata, ba da tsoro ake tashi ba. Kowane gini yana da tsaga, har naki. Asibitinta na nan kusa, ta saba da tagarta. In kati ya ce a tashi, ko takalmi ba zan tsaya nema ba."

"Katin nan dai! Wata rana sai na jefa shi a murhu."

"Sai ki jefa ni tare da shi," in ji shi, yana dariya.

Da damina tsagar ta fara tafiya. Ta bar layin da ta daɗe a kai, ta hau na gaba, ta sake hawa, har ya rage layi ɗaya ta cika mai jan ɗigo. Kawu da kansa ya fara ɗaure kaya. Sai kuma wata safiya na tarar da shi a kan kujera, kati manne a bango, bakinsa har kunne.

"Uwata, zo ki gani. Ta koma."

Na hau na duba. Gaskiyarsa, layin da jiya ya cika tsagar yau ya fi ta kauri. Bayan 'yan kwanaki ta sake komawa na ƙasa da shi. Kawu ya kwance kayan da ya ɗaure. Ya ce ƙasa ce ta sha ruwa ta kumbura, yanzu ta zauna, gini ya samu wurin zamansa. Duk tsawon aikinsa tsagar da ke ƙaruwa aka koya masa tsoro, ba a taɓa ce masa ya ji tsoron wadda ke rufewa ba. Ni ma na ji daɗi, me zan ce, ga shi ido na gani.

Inna ce kawai ba ta yi murna ba. A kwanakin nan ta fara wani irin kallo. Za ta juya wuya ta kafa ido a saman kwaba, ba ƙiftawa, gurnanin nan yana fita a hankali. Ka kira ta, ba ta waiwaya. Ka tsaya a gabanta, sai ta yi ta ƙoƙarin leƙa bayanka. Mun duba wurin, ni da Kawu, a tsaye muka duba, ba mu ga komai ba sai akwatuna da ƙura. Kullum da safe in ya gama awo sai ya sauko, ya kama haɓarta a hankali ya juyo da fuskarta wajen taga.

"Uwargida, nan za ki duba. Kin gani? Ta kusa haɗewa. Ba inda za mu je."

Yana sakin haɓar, kanta zai koma inda ya fito.

Daga nan ɗakin ya fara wasu abubuwa da rana tsaka. Ƙofar da a da sai ka tura ta, sai ta riƙa tafiya da kanta, a hankali, har ta rufe ka a ciki. Na ajiye kwalbar magani a kwance kan tebur, ina kallo ta gangara ita kaɗai ta faɗi. Ruwan da ke cikin kwanon wanke hannu ya fi taruwa a gefe ɗaya. In gari ya yi tsit bayan azahar, sai ka ji ƙas, kamar an karya tsinke a cikin bango, ka saurara ba ka sake ji ba sai ka manta. Kyanwar matar direba, ta hawa na biyu, wadda kullum take kwana a ƙafafun Inna, ta daina shigowa. Za ta zo bakin ƙofa ta zauna, ita ma ta ɗaga kai wajen kwabar. Ranar da na ga su biyun suna kallon wuri ɗaya, sai na fita waje na tsaya cikin rana.

Na gaya wa Kawu. Ya ce ƙofa danshi ne, tebur kuwa dama ƙafarsa ɗaya gajera ce. Ya hau kujera ya sake aunawa a gabana, a kan alamarsa. Tsagar ta koma kamar zare.

Sai ga Iya Babba, yayar Inna, ta zo dubiya. Iya Babba in ta shiga gida ita ce mai gidan. Ta zauna ta kalli ƙanwarta, ta kalli saman kwaba, ta kama baki.

"Ku kuna zaune da mace tana ganin abin da ba ku gani? Wannan ai ba kallon lafiya ba ne. Ko dai waɗanda suka riga mu ne suke leƙo ta, ko kuma waɗanda ba a ambata."

"Haba Yaya," in ji Kawu.

"Kai rufe min baki, kai da bango ka sani. A yi mata addu'a, sannan a juya gadon nan, ta daina ganin wurin."

Aka yi addu'a, wannan kam ba wanda ya ƙi. Aka kuma kama gadon aka juya shi, kansa ya koma jikin kwaba, fuskarta ta koma wajen taga. Kawu ma ya ce ya yi, ga shi an ɗauke kanta daga ƙarƙashin tsagar. Lokacin da muke jan gadon Inna ta yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, hannunta mai lafiya ya damƙe zanena har sai da na ɓamɓare yatsun. Iya Babba ta ce abin ne ba ya son a raba su.

Bayan nan ta yi shiru. Ba gurnani, ba motsi, sai hawaye da ke gangarowa zuwa kunnenta. Kowa ya ce an samu sauƙi. Ni kuwa in na zo taje mata kai sai in ji matajin yana ƙaras-ƙaras. Yashi ne a gashinta. Na kakkaɓe matashin, washegari na sake samu, har da wata 'yar tsakuwa a bayan kunnenta. Na hau sama na yi wa matar direba tas, na ce ta daina kakkaɓe tabarma ta taga. Baiwar Allah ta rantse ba ta yi ba, ta ce ita ma ɗakinta kwanan nan tsintsiya ba ta jingina, sai ta zame.

Wata Asabar da rana na zo a gajiye, tun safe nake kan keke, bayana kamar zai balle. Kawu na zaune a bakin ƙofa yana gyangyaɗi. Na shimfiɗa tabarma a wurin da babu kowa, wato inda kan gadon yake a da, na kwanta rigingine. Ba da niyyar komai ba idona ya tafi saman kwaba.

Ta tsakanin akwati biyu na ga haske. Wani dogon haske siriri, a inda bango ya haɗu da rufi, inda bai kamata a ce akwai komai ba sai duhu. Ina kallo ya ɗauke. Ya dawo. Ya sake ɗaukewa. Na ƙura wa wurin ido. Sai na ji takun matar direba a sama, na lura duk lokacin da ta gitta hasken ke mutuwa. Cikin ɗakinta nake hange. Na ɗaga kai kaɗan, hasken ya ɓace. Na mayar da kai ƙasa, ga shi nan. Sai wanda ke kwance a nan yake ganin sa, kuma mutum ɗaya ne ya yi watanni kwance a nan.

"Kawu." Na kira shi ban ɗauke ido daga wurin ba. "Zo ka kwanta nan."

"Lafiya, Uwata?"

"Ka zo dai."

Ya zo ya kwanta da ƙyar, yana nishi. Na ga lokacin da ya gani, don bakinsa ya buɗe bai rufe ba. Ya tashi ya jawo kujera, ya riƙa miƙo mini akwatunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne bayansa cike da yashi da ɓaraguzan siminti. Da ya sauke na ƙarshe sai ga ta, wata tsaga daban. Bango ya rabu da rufi tun daga kusurwa har tsakiyar ɗaki, rodi ya fito tsirara, iska mai sanyi tana hurowa ta ciki. Ƙarshenta daidai saman matashin Inna yake, inda muka kai ta da hannunmu.

Hannunsa ya tafi aljihu don sabo. Ya ɗora katin, duk layukan suka faɗa cikin ramin a lokaci ɗaya, babu wanda ya taɓa gefe. Ya tsaya yana kallon sa. Sai ya juya katin ya cusa shi a gicciye tsakanin bango da rufi. Ya shiga da ƙyar, har ya ɗan lanƙwashe, ya maƙale. Kawu ya sauko daga kujerar.

"Ba ta da alama," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ban yi mata alama ba."

Ni kuwa idona na kan katin. Lanƙwasar tana miƙewa. A hankali ta miƙe sarai. Muka ji ƙas ɗin nan a cikin bango, katin ya saki, ya faɗo a kan matashi kusa da kumatun Inna.

Dattijon da ke nishi kafin ya tashi daga tabarma, shi ya sunkuci Inna kamar jaririya. Ni na fita ina ihu ina dukan ƙofofi, bakin nan nawa ya yi rana. Mutanen bene suka zubo, wani da cokali a hannu, wata da kumfar sabulu a kai. Injiniyoyin da aka turo daga baya sun ce bututun ruwa ne ya fashe a ƙarƙashin kusurwar, ya yi ta cin ƙasa, bangon waje ya kwanta baya. Kwanciyar da ya yi ita ta matse tsagar da Kawu ke aunawa. Aka kewaye ginin da kwano. Kafin a zo rushe shi kusurwar ta zube da kanta, ba kowa a ciki. Gadon da katin duk suna ƙarƙashi.

Kawu da Inna suka dawo gidana. Kawu bai sake duban bangon kowa ba. Ya rame, ya daina wasa, ko na tsokane shi sai ya yi murmushi kawai. Na sha jin sa yana ce mata, "Ki yafe mini, Uwargida. Kina ta gaya mini, ina juya miki kai." Ita kuwa sai ta dube shi, kallon da ni ban iya fassara shi ba, shi ma na san bai iya ba. Wannan ya fi komai cin sa.

Sai ya ɗauki wani sabon aiki. Duk safiya zai durƙusa a bakin gadonta, ya ɗora kansa a matashin daidai da nata, kunci da kunci, ya bi idonta ya ga inda ya sauka. In ƙusa ce sai ya cire ta. In yanar gizo ce ya share. In ta daɗe tana kallon wuri ɗaya, sai a ja gado. Mun ja gadon nan har ƙafafunsa suka goge simintin ɗakin. Raina yakan ɓaci, in buɗe baki zan yi magana, in tuna, in kama gefen gado mu ja.

Wata rana da hantsi ina kan keke ya kira ni da ƙarfi. Na tarar da shi a durƙushe, kansa a matashi. Idon Inna na sama, a kan rufi, wurin da yake sumul ba ko tabo.

"Ta kafa ido tun ɗazu. Hau ki duba."

Na hau tebur na shafa, na ƙwanƙwasa. "Babu komai, Kawu."

"Haka muka ce wancan karon."

Muka ja gadon zuwa ɗaya bangon. Idonta bai sauya ba, yana sama. Kawu ya sa hannu ya ɗauke ta, ya fito da ita tsakar gida inda babu rufi ko kaɗan, ya zauna a ƙasa da ita a cinyarsa. Ya manna kuncinsa da nata, ya ɗaga ido.

"Uwata, idona ba ya kai wa nesa yanzu. Duba mini. Me take nuna mana?"

Na durƙusa a gabansu. Ban dubi sama ba, ƙirjinta na duba, na ga zanen da ke kai ba ya motsi. Na kama hannunta, ya riga ya fara sanyi.

"Sararin sama ne kawai, Kawu."

"Ki duba da kyau."

Na sa tafin hannu na shafe mata ido, suka rufu. Bai lura ba. Kuncinsa na jikin nata, yana ta duban sama yana ƙanƙance ido.